Gargaɗi ga Jama'ar Ƙasar Daura: Hattara da Cinikin Biri a Sama



Iyayenmu da malamanmu, yayye da ƙanne na cikin birnin Daura, da na Mai'adua, Sandamu, Zango da Baure, wannan magana ta gaggawa ce. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba, wanda ya ji a waje ya kai cikin gida.

Akwai ɓarayin da ba sa haura katanga. Ta wayar da ke hannunmu suke shigowa, da rana tsaka, da sallama da ladabi, wani lokaci har da addu'a, kuma mu da kanmu muke miƙa musu kuɗin. Abin da suke ɗana mana shi ne abin da kowa ke so a wannan tsadar rayuwa: "fara kasuwanci daga ɗakinki", "samu dubu goma kullum da wayarka", "zuba kaɗan ka kwashi da yawa". Kuɗin adashe na tafiya, kuɗin kayan ɗakin amarya na tafiya, har da kuɗin taki da na rajistar makaranta. Yawancin waɗanda aka cuta sun yi shiru saboda kunya, shirun nan kuwa shi ke bai wa ɓarawon damar shiga gidan maƙwabci.

Kada a fahimce ni a baibai. Sayar da kaya ta waya sana'a ce ta halal, kuma tana rufa wa gidaje da yawa asiri. Matan ƙasar nan ba yau suka fara neman na kansu daga cikin gida ba. Fura, ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, ɗinkin hula, daddawa, duk daga bayan zaure suke fitowa a kan 'yar talla. Yanzu waya ta zama farantin tallan: a ɗauki hoton atamfa ko turaren wuta ko yajin daddawa, a ɗora a WhatsApp ko Facebook ko TikTok, yarinya ta tafi makaranta maimakon yawon talla. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, har mai shayi da mai ƙosai suna da lambar asusu. Ga ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Tarayya da na Jami'ar Sufuri sun ƙara yawan masu saye a gari. Kasuwa ta buɗe. Inda kasuwa ta ci kuwa, ɗan sane ba ya nisa.

Ku tuna yadda ake cinikin sa a karar Mai'adua. Mai saye zai zagaya dabbar, ya duba haƙori, ya taɓa tozo, ya sa a ja ta ya ga tafiyarta. Ga dillali a tsakani, wanda kowa ya san gidansu. Ana cewa "albarka" ana ƙari har a sallama, a ƙirga kuɗi a gaban shaidu, a ba da la'ada. In daga baya aka gano dabbar ta sata ce, an san ƙofar da za a buga. Waya ba ta da dillali, ba ta da shaidu, ba ta da haƙorin da za a duba. Duk damfarar da zan lissafa, a wannan giɓi take zaune.

Na ɗaya: dilan da ba shi da shago

Yarinya ta tara dubu tamanin, tana son fara sayar da atamfa da leshi. Sai ta ga shafi cike da hotunan kaya, mai mabiya dubbai, yana cewa shagonsu na Kantin Kwari ne ko kuma daga Dubai suke sauke kaya. Farashin ya yi ƙasa da na kasuwa nesa ba kusa ba, kuma "yau ne rana ta ƙarshe ta rangwame". Ta tura kuɗi. Sai a ce ta ƙaro na mota. Ta ƙara. Sai wani ya kira, wai direba ne, an tare shi a hanya, sai an biya kafin a saki kaya. Ranar da ta ce ba ta da sauran ko kwabo, ranar ake toshe lambarta.

Hotunan na wani ɗan kasuwar gaskiya ne aka kwafa. Mabiyan sayensu ake yi. Masu yabon da ke ƙasan hoto, suna cewa "kayana sun iso, na gode Hajiya", mutum ɗaya ne da layuka biyar. Na zauna da wata uwa a unguwarmu wadda kuɗin gado da katifar 'yarta suka tafi ta wannan hanya ana saura makonni biki. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne tana da ɗan'uwa a Kano, wanda kuɗin adaidaita sahu kaɗai zai kashe ya je ya ga ko shagon yana nan.

Na biyu: alat na bogi

Wannan kan mai sayarwa yake faɗawa. Mai saye ya yi ciniki ba gardama, ya turo hoton rasit, wani lokaci har saƙo ya shigo wayarki da sunan bankinki. Yana ta kira: mota za ta tashi, a yi sauri a kai kayan tasha. Kaya su tafi, kuɗi ba su shigo ba. Hoton rasit ƙirƙirarsa ake yi cikin minti biyu, saƙon ma haka. Wani kuma zai ce ya yi kuskure ya turo fiye da kuɗin kaya, ki taimaka ki mayar masa da ragowar, alhali ko sisi bai turo ba.

Shaida ɗaya ce tak: ki buɗe manhajar bankinki da hannunki, ko ki duba ragowar kuɗinki, ki ga adadin ya ƙaru. Kafin nan ba a yi ciniki ba, ko da mai sayen ya rantse da abin da zai kashe shi.

Na uku: zuba kuɗi ka kwanta

Wannan tsohuwar kura ce, fatar akuyar kawai take canzawa. MMM, wadda wani ɗan Rasha mai suna Sergei Mavrodi ya kafa, ta yi wa 'yan Najeriya alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata. A watan Disambar 2016 ta rufe asusun mutane. Hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, ta ce kimanin mutum miliyan 3 ne suka yi asarar kusan naira biliyan 18. Aka yi kuka, aka manta. Sai ga CBEX, wadda ta ce za ta ninka kuɗi cikin kwana 30 ta hanyar cinikin kuɗin kirifto. A watan Afrilun 2025 ita ma ta kife, jaridu suka ƙiyasta asarar da sama da naira tiriliyan 1, hukumar kula da hada-hadar zuba jari, SEC, ta ce ba ta taɓa yi mata rajista ba. Bayan kuɗin sun maƙale, sai aka ce wa mutane su sake biyan dala 100 ko 200 na "tantancewa" kafin su cire nasu. Wasu suka biya. Tun a watan Maris na 2025 hukumar EFCC ta riga ta fitar da sunayen kamfanoni 58 masu irin wannan harka.

Ku yi lissafin da kanku. In da gaske naira 50,000 tana ninkawa duk wata, cikin wata 12 za ta zama naira miliyan 204 da dubu 800. Wace gona, wace kara, wane shago ke haifar da wannan? Wanda ya mallaki irin wannan sirri, me zai yi da dubu hamsin ɗinka? Abin da ake yi a fili yake: kuɗin wanda ya shigo yau ake biyan wanda ya shigo jiya. Na farko ya karɓa da gaske, ya nuna alat a majalisa, ya jawo abokansa da 'yan ɗakinsu. Da ɗan gari akan ci gari. Ranar da masu shigowa suka ragu, masu abin su kwashe su ɓace, a bar ɗan gari da mutanen da ya jawo suna zarya a ƙofar gidansu.

Adashen WhatsApp ma a nan yake. Adashen da muka gada, an san uwar adashe, an san mijinta, an san kowace mai zubi. Wanda ake yi da baƙin lambobi arba'in, rabinsu na iya zama mutum ɗaya, kuma shi ne zai kwashi ɗaukan farko.

Na huɗu: aikin latse-latse da "kawo mutum biyar"

Saƙo zai shigo daga lambar da ba ka sani ba: ana neman ma'aikata daga gida, aikin kawai ka danna alamar so a bidiyo ko ka yabi wani otal. Ka yi, a turo maka dubu ɗaya ko biyu da gaske. Wannan tsaba ce ake watsa wa kaza. Daga nan a kai ka Telegram, a ce babban aiki sai ka ajiye dubu ashirin, sai hamsin, sai ɗari biyu. A allo kana ganin "ribarka" tana hawa, amma duk ranar da ka ce za ka cire, sai a ce saura mataki ɗaya. Waɗannan ba yara ba ne masu wasa. A watan Disambar 2024 EFCC ta kama mutum 792 a bene guda a Legas, cikinsu har da 'yan China 148, bisa zargin damfarar zuba jari da ta soyayya ta intanet. Ma'aikata ne da kwamfutoci, safe da dare, aikinsu ke nan.

Ɗan'uwan wannan shi ne kamfanin da zai ce ka biya kuɗin rajista, a ba ka wani ɗan magani ko sarƙa, sa'an nan arzikinka ya dogara da mutanen da ka kawo. In kowa sai ya kawo biyar, hawa na farko mutum 5 ne, na biyu 25, na uku 125. A hawa na goma ana buƙatar mutum 9,765,625, alhali ƙidayar 2006 ta ba duk Jihar Katsina kimanin miliyan 5 da dubu 800. Ko jarirai aka yi wa rajista, na ƙasa ba zai taɓa fanshe kuɗinsa ba.

Na biyar: aron asusu

Samari, wannan taku ce, kuma ta fi sauran haɗari, domin a nan ba kuɗi kaɗai ake rasawa ba. Wani zai ce ka ara masa asusunka a turo masa kuɗi, ya ba ka na goro. Wani zai sayi lambar BVN da NIN ɗinka da hoton fuskarka. A watan Yulin 2025 EFCC ta yi gargaɗi a kan matasa masu bi gari-gari suna sayen irin waɗannan bayanai a kan naira 1,500 zuwa 2,000. Da sunanka za a buɗe asusu, a zuba kuɗin damfara, ko ma kuɗin fansar wanda aka sace, abin da mu a Jihar Katsina ba ma buƙatar a yi mana bayanin ɗacinsa. Ranar bincike, sunanka ne a takarda, hotonka ne a banki, ƙofar gidan mahaifinka za a buga. "Ban sani ba" ba ta cika fitar da mutum ba. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20. Ka auna wannan da naira dubu biyu.

Na shida: lamba shida, tallafin bogi da bashin manhaja

Wani zai kira, ya ce daga zauren 'yan kasuwa ko na tsofaffin ɗalibai yake, za a yi taro ta intanet, an turo miki lamba shida, ki karanto masa. Lambar nan makullin WhatsApp ɗinki ce. Da kin faɗa, ya ƙwace shafin, ya bi abokan cinikinki da danginki ɗaya bayan ɗaya yana karɓar kuɗi da sunanki. Mutuncin da kika yi shekaru kina ginawa ya zube a yini guda.

Haka saƙonnin "gwamnati na raba jari, cike fom kafin ƙarfe goma sha biyu". Adireshin shafukan gwamnatin Najeriya da .gov.ng yake ƙarewa, kuma tallafin gaskiya ba ya neman lambar sirrin katinka ko kuɗin fom ta asusun wani mutum. Mai neman tallafin sana'a ya taka da ƙafarsa ya tambaya a hukumar SMEDAN, ko KASEDA ta Jihar Katsina, ko sakatariyar ƙaramar hukumarsa.

Kada kuma a ɗauki jari daga manhajojin ba da bashin gaggawa. Ban da kuɗin ruwa, wanda mun san hukuncinsa, da yawansu suna kwashe lambobin da ke cikin waya. In an yi jinkirin kwana biyu sai su tura wa surukai da maƙwabta saƙon cin mutunci. Abin ya kai hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a watan Maris na 2022.

Mai sayarwa, kada ke ma ki zama abin gudu

Gargaɗin nan yana da fuska biyu. Wadda ta ɗora hoton leshi mai tsada ta aika da na roba, algus ta yi. Wanda ya karɓi kuɗin mutane a kan kayan da bai mallaka ba, bai ma gan su ba, ya jefa kansa cikin abin da malaman fiƙihu suka daɗe suna jan kunne a kai. Mafita tana nan: ko ka fito fili ka ce kai dillali ne, ladanka kaza, ko a yi ciniki irin na salam, a fayyace nau'in kaya da yawansu da ranar kawowa. A tambayi malamai, suna kusa. Masu haɗa man shafawa na bilicin da magungunan mata a ɗaki suna sayarwa ba lambar NAFDAC, ku sani fata da ƙodar mutane kuke wasa da su, kuma doka na iya hawa kanku.

Yadda za a fara lafiya

A mayar da dillali da shaidu cikin cinikin waya. Ga yadda za a yi:

1. Fara da abin da kika iya ko kika sani, da jarin da in ya faɗi gida ba zai girgiza ba. Kada a sayar da gona ko akuyar marayu don sana'ar da ba a gwada ba.

2. Sarin farko a yi shi ido da ido. In ba za ki iya zuwa Kano ko Katsina ba, ki tura ɗan'uwa ya ga shago, ya riƙe kaya, sa'an nan a biya. In ya zama dole daga nesa, a yi kiran bidiyo a ga mutum a cikin shagonsa, a fara da kaya kaɗan.

3. Sunan da ke kan asusu ya dace da sunan mai kaya ko na shagon. In an ce "tura ta asusun yarona", a dakata.

4. A aika kaya ta tasha, hannun direban da 'yan ƙungiya suka sani. A rubuta sunansa da lambar motarsa, a ɗauki hoton kayan kafin a ɗaure. Masu ciniki da 'yan'uwanmu na Magarya, Matamaye da Damagaram, a daidaita canjin sefa da naira kafin kaya su tashi.

5. A ware asusun sana'a daban da na cefane, a sami littafi a riƙa rubuta abin da ya shiga da wanda ya fita. In sana'a ta kafu, a yi wa sunanta rajista a hukumar CAC.

6. A kunna makulli na biyu na WhatsApp, wato tabbatarwa mai mataki biyu. Lambar sirri, lambar da banki ke turowa da lambobin jikin kati ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga banki yake.

7. Matan aure da 'yan mata, kada a ba baƙo kwatancen gida, kada a tura masa hoton jiki da sunan gwada kaya. Kada a aiki ƙaramin yaro shi kaɗai ya kai kaya wurin wanda ba a sani ba. A haɗu a shagon wani na gida ko wurin da jama'a suke.

8. Duk wanda ya ce a zuba kuɗi a ci riba, a tambaye shi abu uku: me ake sayarwa, wa ke saye, ina rajistar SEC? Takardar CAC kaɗai ba lasisin karɓar jarin jama'a ba ce. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu shirya irin wannan harka. Mai tallata ta a zaure ya san da wa yake tafiya.

Alamomin tarko ba sa canzawa: gaggawa, araha fiye da hankali, ribar da aka yi rantsuwa ba ta faɗuwa, sai kuma "kada ki faɗa wa kowa, har maigida". Duk cinikin da ba zai jure kwana ɗaya na shawara ba, a bar shi.

In an riga an faɗa

Kada a ƙara ko kwabo, ko da an ce shi ne zai fito da na baya. A kira banki nan take, ko a ruga reshe mafi kusa, a ba da rahoto a nemi a bi sawun kuɗin. Awannin farko su ne masu daraja, domin ɓarawo ba ya barin kuɗi su kwana a asusu ɗaya. Kada a goge hira, rasit ko lambobi. A kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC. A sanar da dangi da abokan ciniki in an ƙwace shafi. A yi hattara da wanda zai ɓullo daga baya ya ce zai ƙwato kuɗin in an ba shi wani abu, sau da yawa ɓarawon farko ne ya canza riga.

Magidanta da iyaye, in matarka ko 'yarka ta zo da wannan labari, ka danne fushi. Tsoron faɗa da gori ne ke sa mace ta ci bashi a ɓoye don ta cike ramin, ta faɗa wanda ya fi shi zurfi. 'Yan boko da manyan 'yan kasuwa ma an cuce su.

Kira

Muna roƙon limamanmu su ware wa wannan magana minti biyar a huɗubar Juma'a. Hakimai, dagatai da masu unguwanni su sa a yi shela. Malaman Islamiyya na matan aure su tattauna ta a aji, domin a nan ne saƙon zai kai inda ya fi buƙatar kaiwa. Masu POS, ku ne kuka fi kowa ganin abin da ke gudana: in tsohuwa ta zo tura kuɗi masu yawa tana waya a kunne ana karanto mata lamba, ku tambaye ta wa za ta tura wa. Masu kula da zaurukan WhatsApp, tallan da ba ku san tushensa ba ku goge shi, don wanda ya faɗa ta zaurenku da ku zai yi kuka.

Kai da ka karanta wannan, kafin ka kwanta yau ka yi abu biyu. Ka kunna makulli na biyu a wayarka da ta mahaifiyarka. Sa'an nan ka tuna mutum ɗaya a danginku da ya fara maganar wata sabuwar harka mai ninka kuɗi, ka kira shi, ka tambaye shi me ake sayarwa. In ya kasa nuna maka hajar, ka riƙe masa hannu tun kuɗin suna aljihunsa.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya tsare mana dukiya da mutunci, ya sa albarka a sana'o'inmu na halal. Amin.